Zuwa ga abokina, kan ƴan bututan nan na cikin zuciya

Assalamu alaikum mutumina, ya aiki, ya iyali? Fatan kowa lafiya.

Tambayar da kayi min a saƙonka, wai me yake sa zuciya ta ƙage ta kasa sakewa in ciwo ya daɗe, ina ganin amsar tana tattare da wasu siraran bututai da ake kira maikurotubul. Kaurinsu nanomita 25 ne kacal (nanomita ɗaya shine kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), furotin ɗin tubulin ne ya gina su, kuma suna kwance cikin kowace ƙwayar naman zuciya, a kansu ake jigilar kaya daga tsakiyar ƙwayar zuwa gefe. Da can ba'a ɗauka suna da ruwa da bugun zuciya ba.

A 1993 George Cooper da mutanensa a Amurka suka matse jijiyar huhu ta kyanwoyi don zuciyarsu ta dinga turo jini da ƙyar, sai suka tarar bututan sun yi yawa sun cunkushe, ƙwayar ta kasa matsewa da kyau, da suka zuba kolcisin, maganin nan na gawut (wani ciwon gaɓoɓi) mai wargaza bututan, sai ƙarfinta ya dawo. An daɗe ana gardama a kai fa, don wasu sun gwada a wasu dabbobin basu ga haka ba.

Wanda yafi kama hankalina shine aikin Benjamin Prosser na jami'ar Fensilbaniya. A 2016 suka nuna cewa in aka cire ma tubulin ɗan amino asid ɗin (irin tubalan da ake gina furotin da su) da ke wutsiyarsa, wato tairosin, sai bututun ya maƙale da wani furotin mai suna desmin, to duk bugun da zuciya tayi sai ya lanƙwashe yana turjiya, kamar mutum yana gudu cikin taɓo, matsewa da wuya sakewa ma da wuya. A 2018 suka duba zukatan mutanen da ciwon ya ci ƙarfinsu har aka musu dashe, suka samu irin waɗannan bututan sun ƙaru sosai, da suka rage cire tairosin ɗin sai ƙwayoyin suka fara matsewa da sakewa da sauri.

Ni a ganina nan ne mafita take, a gyara wutsiyar a bar bututun, don in ka rushe su duka ka yanke hanyar jigila. An ma gano inzayim ɗin, wato furotin ɗin da ke cire tairosin ɗin, a 2017, sunansa vasohibin, yanzu shi ake neman daƙilewa.

Amma dan Allah kar wani ya ji wannan ya kama shan kolcisin da kansa, yawansa guba ne wallahi, kuma wanda likitoci suke ba masu ciwon zuciya ɗan kaɗan ne don rage kumburi.

Ka gaida min mutan gida. Ina jiran amsarka.

Naka har kullum.