Wasiƙa zuwa ga aminina a Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni dalilin da ya sa Hajiya ta ƙi fita zaɓen 2023, alhali ba ta taɓa fashi ba tun 1979, shekarar da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Cewa ta yi ta gaji da shan rana a layi saboda turmin atamfa da sabulu.

Ni dai ban ga laifinta ba. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da wanda zai ware musu ƙarin kujeru 111. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar a Abuja, har Majalisar Wakilai ta ce za ta sake duba uku daga ciki, amma zancen ya bi ruwa. Da zaɓe ya zo, cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin miliyan 25 ne kacal suka fita, kuma mata uku aka bayyana sun ci kujerar sanata cikin 109, sai daga baya kotu ta ƙara ta huɗu.

Daga nan masu fafutukar suka sassauta, suka dawo neman kujeru 74, wai don kada 'yan majalisa su fake da yawan kuɗin da za a kashe. Na yarda da ragin, domin da babu gara ba daɗi. Abin da ke damuna shi ne wadda za ta hau kujerar, domin idan gwamnoni ne za su raba takarar, matansu da 'ya'yansu za su aika Abuja, mai sayar da ƙosai a Tudun Wada kuwa ba ta da dalilin sake ɗaukar katinta. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan namu na Zariya, ba don wannan ta sha ɗauri a zamanin jam'iyyar NEPU ba.

Ku a Nijar da kuka kafa dokar ware wa mata kaso a kujerun zaɓe tun 2000 da kashi 10 cikin ɗari, kuka kai shi 25 a 2019, don Allah ka rubuto ka gaya mini ko matan karkarar Maraɗi sun gani a ƙasa.

Ka gaishe da Baba da mai ɗakinka.

Naka,
amininka na Zariya