Sabunta Sabar Ba Sai An Rufe Hidima Kwana Biyu Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da masu kula da rumbun bayanai a bankuna da kamfanoninmu, kan saƙon nan da ake turo wa jama'a cewa za a dakatar da hidima daga daren Juma'a zuwa Lahadi saboda gyara. Mai POS a kasuwa ne ke kwana a ciki. Alhali in dai manhajar rumbun kawai za a sabunta, tsayawar bai kamata ta wuce 'yan mintuna ba. Wanda ya yi alkawarin aiki kashi 99.99 cikin ɗari, mintuna 52 da 'yan kai kaɗai yake da su na tsayawar hidima a shekara.

Mu ɗauki PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai. Tun fitowar siga ta 10 a 2017, ana iya kafa sabuwar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, da sabuwar siga, ta riƙa kwafar kowane canji daga tsohuwar yayin da jama'a ke ta hada-hadarsu. Idan ta kamo ta, sai a tsayar da shigar buƙatu a PgBouncer, manhajar da buƙatu ke bi kafin su isa rumbun, a jira ragowar canje-canjen su iso, a juya akala zuwa sabuwar.

Inda ake faɗuwa shi ne wannan kwafin ba ya ɗauko ma'ajin lambobin jeri, wato lambobin da rumbun ke ba kowane sabon rubutu bi da bi. In ba a daidaita su da hannu ba kafin juyawa, sabuwar sabar za ta ba da lambar da aka riga aka ba wani, rubutun ya ƙi shiga. Sauyin tsarin teburin bayanai ma ba ya bi, don haka a daina taɓa shi har a gama. Kuma kada a rushe tsohuwar a ranar.

Masu son juyawa zuwa sabar mai jiran gado ta faru da kanta in babbar ta faɗi, ta hanyar manhajar Patroni, su sa etcd, manhajar da ke riƙe bayanin wacce ce babbar, a na'urori uku, kowacce da nata layin wuta. Da biyu, in sadarwa ta yanke tsakaninsu babu mai rinjaye, komai ya tsaya cik.

Sabar mai jiran gado kuwa ba ajiya ba ce, duk abin da aka goge a babbar nan take zai goge a cikinta. A Janairun 2017 GitLab, kafar da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ta yi asarar bayanan kusan sa'o'i shida bayan an goge rumbu bisa kuskure, sai a ranar aka gano hanyoyin ajiyarta ba sa aiki. A riƙa maido da ajiya a wata sabar duk wata, a duba agogo a ga sa'o'in da za ta ci.

Wassalam.

Wani injiniyan rumbun bayanai,
Kaduna