Rahoton Ayyukan Shekara: Gwajin Amincin Bayanai a Kan NFS

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Kwamitin fasaha na gabatar muku da ayyukan shekarar da ta ƙare. Tarukan wata-wata sun gudana, haka ma horar da sababbin membobi kan Linux. Amma aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne wanda babban taro ya ɗora mana: mu tabbatar ko fayil ɗin da ma'aikaci ya ajiye a uwar garke (babbar kwamfutar da ke ajiye wa sauran fayiloli) ta hanyar NFS, wato tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci ta layin sadarwa, yana isa yadda aka rubuta shi, kuma wane saiti ne ke jawo ɓarna.

NFS ba sabon abu ba ne, kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da shi tun 1984. Mun gwada siga ta 3 da ta 4.2. Muna rubuta bayanai da manhajar gwaji ta fio, mu ajiye lambar tantancewar kowane fayil (lambar da ke canzawa idan abin da ke ciki ya canza) da manhajar sha256sum, sai ana tsakar rubutu mu zare wayar sadarwa ko mu kashe wa uwar garke wuta. Idan komai ya dawo, mu sake tantancewa.

A kwamfutar ma'aikaci ana zaɓar ɗaya daga saiti biyu, hard ko soft. Da saitin hard, idan hanya ta yanke, manhajar da ke rubutu takan tsaya cak ta jira, ta ci gaba da zarar hanya ta dawo, ba mu rasa komai ba. Wannan tsayawar ce ke ba ma'aikata haushi, har wasunmu suka koma soft. Shi kuwa soft yana haƙura ne bayan ya yi iya ƙoƙarin da aka ƙayyade masa, wanda a kan TCP, ƙa'idar aika bayanai mai tabbatar da isarsu, jiran daƙiƙa 60 ne da maimaici 2, sai ya mayar wa manhaja saƙon kuskure. Manhajar da ba ta duba wannan saƙo sai ta wuce abinta, fayil ya tashi da giɓi, mai shi bai sani ba sai ranar da ya zo buɗewa.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne saitin async a /etc/exports, fayil ɗin da uwar garke ke jera abin da take rabawa. Da shi uwar garke kan ce ta ajiye bayanai alhali suna cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba su sauka a faifai ba. Kwamfutar ma'aikaci ta yarda, ta saki kwafin da ke hannunta. Aka ɗauke wuta a wannan tsakanin, shi ke nan, babu inda za a samo su. Saurinsa ba ƙarya ba ne, mun gani da idonmu. Sai dai a wuraren aikinmu, inda wuta ke ɗaukewa ba sallama kuma batirin UPS mai riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke ya gaji, kwamiti bai ga dalilin da zai sa a ɗora takardun albashi ko sakamakon ɗalibai a kansa ba. Shawararmu hard a kwamfutar ma'aikaci, sync a uwar garke, wanda ba ta cewa ta ajiye sai bayanai sun sauka a faifai.

Mun kuma lura kwamfuta kan riƙe tsohon bayanin fayil daga daƙiƙa 3 zuwa 60, don haka ba nan take take ganin gyaran da wata kwamfutar ta yi ba. Saitin noac yana rage wannan, amma aiki na yin nauyi. Kwamfutoci biyu kuwa kada su riƙa ƙara rubutu a ƙarshen fayil ɗaya lokaci guda, suna taka rubutun juna. Duk wanda har yanzu yake kan UDP, ƙa'idar da ba ta tabbatar da isar bayanai, ya koma TCP.

Gwaji biyu ba su kammalu ba: yadda makullan fayil, masu hana mutum biyu gyara fayil ɗaya tare, ke dawowa cikin daƙiƙa 90 na farko bayan uwar garke ta sake tashi, da saitin krb5i mai tantance saƙo a hanya. Su za mu sa gaba a shekara mai zuwa. Muna roƙon duk memban da ke da tsohuwar kwamfuta ko faifan da ba ya amfani da shi ya miƙa wa sakatare kafin taro na gaba.

Kwamitin Fasaha