Ruwan Wikki ya saki gaɓoɓina, amma bai kori ciwon ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu fama da amosanin gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jikin mutum da kanta take juyowa ta afka wa gaɓɓansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin ɗari kuma mata ne. Yau shekara tara ke nan ina cikinsu.

Mutane suna ɗauka sanyin ƙashin tsufa ne, alhali ni ina da shekara 41 ya kama ni. Da asuba yatsun hannayena duka biyu sukan ƙage kamar an ɗaure su da igiya, ba sa saki sai hantsi. Buta ma sai 'yata ta riƙe mini. Alli kuwa, a gaban yara yake suɓucewa daga hannuna ina tsaka da rubutu a allo.

Bara da hunturu ƙanena ya matsa mini sai da muka je Yankari, muka yi kwana biyar. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau, kana hango yashin ƙasansa, ɗuminsa kuma yana nan kusan digiri 31 dare da rana. Da sassafe nake shiga da doguwar riga, kafin jama'a su cika wurin, birai na kan bishiya suna jiran mu yi sake da ledar burodi. Da ruwan ya kai mini ƙirji sai in ji nauyina ya sauka daga kan gwiwoyi. Ina buɗe yatsu ina dunƙulewa, ina takawa a hankali. A rana ta uku na ɗaura ɗankwalina da kaina, na kuma yi barci har kiran assalatu ban farka ba. Wanda bai taɓa kwana yana juyi saboda raɗaɗin kafaɗa ba, ba zai gane girman wannan ba.

Sai na yi wauta. Da muka dawo na ce ai na warke, na ajiye methotrexate, ƙwayar maganin ciwon da nake sha sau ɗaya a mako. Ba a yi wata biyu ba wuyan hannuna ya kumbura suntum, ya ɗauki zafi, ko murfin tukunya ba na iya ɗagawa. Likitata ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi: "Malama, ruwa lallashin ciwon yake yi, ƙwayar ce ke hana shi cinye gaɓar." Ta ƙara da cewa masanan Cochrane, ƙungiya mai tantance binciken lafiya, da suka tattara binciken da aka yi kan irin wannan wanka a 2015 sun ga hujjar ba ta kai a kira shi magani ba. Kuma gaɓar da ta riga ta karkace ba ta miƙewa.

Duk da haka ba na raina sauƙin da na samu. A Faransa likita ne yake rubuta wa mutum kwana 18 na wankan ruwan ma'adinai, inshorar lafiya ta biya wani kaso. 'Yan uwanmu na Nijar sun daɗe suna zuwa maɓulɓular ruwan zafi ta Tafadek, arewa da Agadas, neman sauƙin ciwon jiki. Mu fa? Ba kowace mace ke da kuɗin mota da na ɗaki ba, kuma da yawa kunya ba za ta bar su su shiga ruwa cikin maza ba.

Roƙona ga gwamnatocin jihohinmu shi ne a gina ɗan kwarmin ruwan ɗumi a sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci, a ware wa mata ranakunsu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da wadda gaɓarta ke kumbure da zafi, su fara jin ta bakin likita.

Kafin nan, ni dai da baho nake maneji. Kullum 'yata takan sirka mini ruwa, in tsoma hannu minti goma sha biyar kafin alwalar asuba, ranar Asabar kuma in sha ƙwayata.

Taku,
Wata malamar firamare,
Bauchi.