Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi: a buɗe wa yara ɗakin fiyano

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamar fiyano ce, kuma yawancin ɗalibaina ba su wuce shekara goma sha biyu ba. Na rubuto ne a kan 'yan ƙalilan ɗin cikinsu da Allah ya yi wa baiwar kiɗa, waɗanda muke asararsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya lura ba.

Ina da wata ɗaliba 'yar shekara tara. In na kaɗa mata abu sau biyu, a karo na uku ita za ta maido mini da shi da ka. Gidansu babu fiyano, sai ta samu dogon kwali ta zana maɓallai 88 a kai, farare 52 da baƙaƙe 36, tana bita da shi kowane dare. Yatsunta sun san hanya sarai, da wuya ta taɓa inda ba daidai ba. Amma duk ranar da ta zauna gaban fiyano na gaske, sautinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba hawa ba sauka, kamar mai buga tafireta. Laifin ba nata ba ne. Kwali ba ya amsa wa yatsa.

Ranka ya daɗe, a nan maganar take. Lokacin da Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano na farko a birnin Fulorans na Italiya wajen 1700, sabon abin da ya kawo shi ne 'yar guduma da ke bugun waya gwargwadon nauyin da yatsa ya saki. Ka taɓa a hankali ya yi raɗa, ka danna ya yi ruri. Sunan ma daga can ya fito, don cikakken sunansa pianoforte, a Italiyanci ma'anarsa "a hankali da kuma da ƙarfi". Wannan awon nauyi shi ne rabin sana'ar, kuma ba a koyonsa da bayani, sai yatsa ya yi ta fama da guduma kullum. Ƙaramin kibod mai maɓallai 61 da iyaye ke sayowa yana taimako a shekarar farko, amma maɓallansa ba su da nauyi, kuma ba a daɗewa yaro zai miƙa hannun hagu neman sauti ya tarar kibod ya ƙare.

Darasi kuwa sau ɗaya ne a mako, minti 40. Sauran kwana shida fa? A wata makaranta da nake zuwa akwai fiyano mai kyau a babban ɗakin taro, an lulluɓe shi da zane, an jera kofunan wasanni a kansa. Ranar rabon kyaututtuka kaɗai ake buɗe shi. Na roƙi a bar yara su riƙa amfani da shi bayan an tashi, aka ce mini kada su lalata. Babban roƙona ke nan gare ka: a ba da umarni a rubuce cewa duk makarantar da ke da fiyano ta buɗe ɗakin awa biyu bayan tashi, da jadawalin sunaye da babba guda da zai zauna da su. Wannan ba ya buƙatar sabon gini.

Sai dai buɗe ɗaki ba zai yi amfani ba in kayan ya sauka daga saiti. Fiyano na da wayoyi kusan 230, kuma jan da suke yi wa jikinsa ya doshi tan 20. Da damina katako ya kumbura, da rani ya tsuke, sauti ya karkace. Ƙa'ida ita ce mai saiti ya duba shi aƙalla sau biyu a shekara. Yaro mai kaifin kunne shi ya fi cutuwa, domin abin da ya ji yau da gobe shi zai ɗauka daidai, kuma kankare masa wannan ya fi koya masa sabo wuya. Masu wannan sana'a ƙalilan ne, mafi yawansu sun manyanta. Da ma'aikatarka za ta ɗauki nauyin horar da matasa a kanta, da ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Na san abin da ya fi jan hankalin hukuma shi ne gasa, tunda a nan ake ɗaukar hoto. Ba na ƙin gasa. Amma masu zuwa gasar fiyano ta Chopin da ake yi a Waso ta ƙasar Folan tun 1927, duk bayan shekara biyar, kowannensu ya kwashe fiye da shekara goma yana zama gaban fiyano kullum a hannun malamin da ya san shi ciki da bai. Ba a fafe gora ranar tafiya. In aka tashi gasa babu wannan tushe, sai a yi ta matsa wa yaro ya haddace kiɗa ɗaya mai wuya wata shida, ya ci kofi, ya tsani fiyano. Wani ma hannun yake rasawa. Leon Fleisher, gwanin fiyano na Amurka, yana kan ganiyarsa a 1964 yatsu biyu na hannunsa na dama suka nannaɗe, ya shafe kusan shekara 30 yana kiɗa da hagu kaɗai. Shi ya sa nake bin wuyan hannun ɗalibaina da ido fiye da yadda nake bin takarda, in na ga kafaɗa ta ɗaga in ce a tsaya a sha iska. Malamin da aka ba aji mai yara 50 ba zai iya ganin wannan ba, haka wanda ake sauya wa wurin aiki duk shekara. Mai baiwa yana buƙatar malami guda da zai riƙe shi shekara da shekaru.

José Antonio Abreu ya fara shirin koyar da kiɗa na El Sistema a Benezuwela a 1975 da matasa 11 a wurin ajiye motoci. Abin da ya ba su shi ne kayan kiɗa, wurin zama da malami, kowace rana, daga baya gwamnati ta ɗauki nauyin. Daga cikin shirin Gustavo Dudamel, shahararren jagoran ƙungiyar makaɗa, ya fito.

Ɗalibata ta shirya shiga mataki na uku cikin matakai takwas na jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Landan. Cikin abin da za a nemi ta kaɗa akwai wurin da sauti zai yi ƙasa a hankali har ya kusa ɓacewa. Ranar Alhamis, ranar darasinmu, kaɗai take iya gwada shi, kuma mabuɗin ɗakin taron yana aljihun maigadi.

Taka mai biyayya,
Wata malamar fiyano