A rubuta ƙa'idojin hutun ma'aikata kafin a ɗora su a kan manhaja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka in yi tsokaci a kan wani sauyi da ke shigowa ofisoshinmu, wato mayar da lissafin hutun ma'aikata daga fayil da rajista zuwa manhajar kwamfuta. Aikina ke nan a sashen kula da ma'aikata, kuma ina goyon bayan sauyin, domin yana rage ɓatan fayil da son kai. Sai dai manhaja ba ta sanin komai sai abin da aka faɗa mata, alhali ma'aikatu da yawa, musamman masu zaman kansu, ba su taɓa zama sun rubuta ƙa'idojin hutunsu dalla-dalla ba. Abin da ke hannu shi ne 'yan layuka a takardar ɗaukar aiki, saura kuwa yana cikin kan oga.

Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci aƙalla kwanakin aiki 6 na hutu da albashi bayan ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa, ya yarda a jinkirta hutun da amincewar ɓangarorin biyu muddin lokacin tara shi bai wuce wata 24 ba, ya kuma hana a ba mutum kuɗi a madadin hutu yana kan aiki. Amma manhajoji da yawa suna zuwa a saite su share duk kwanakin da suka rage a ranar 31 ga Disamba. Ma'aikaciyar jinya da aka roƙa da baki ta ɗage hutunta saboda ƙarancin hannu za ta buɗe shafinta a Janairu ta tarar babu ko kwana ɗaya, shugabanta kuma ya ce da ita kwamfuta ce ta yi. Na ga irin wannan da idona, kuma ba laifin kwamfuta ba ne. Wanda ya saita ta ne ba a sanar da shi cewa ana ɗage hutu ba.

Haka yake ga yadda kwanakin ke taruwa. Mai kwana 30 a shekara yana tara kwana biyu da rabi a kowane wata, mai kwana 21 kuma yana tara ɗaya da kashi uku cikin huɗu. To idan aka yi wa mutum ƙarin girma a watan Yuli ya tashi daga 21 zuwa 30, daga yaushe sabon lissafin zai fara, daga ranar da ke kan takardar ko ranar da ta iso hannunsa, wadda kan yi jinkirin watanni? Wanda ya kama aiki a tsakiyar wata fa, da wanda yake wa'adin gwaji, da direban da Asabar ranar aikinsa ce? A Jihar Kaduna ma, inda ma'aikatan gwamnati suka koma aikin kwana huɗu a mako tun Disamban 2021, dole a fayyace wa manhaja matsayin Juma'a a cikin lissafi.

Abin da ya fi damuna shi ne abubuwan da suka keɓanta da rayuwarmu, waɗanda masu ƙera manhajar a wasu ƙasashe ba su yi tunaninsu ba. Ranar Sallah ba a saninta tabbas sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, hutunta kuma sai Ministan Harkokin Cikin Gida ya ayyana, sau da yawa saura 'yan kwanaki. Wanda aka amince masa hutu tun wata guda kafin nan, idan ba a saita manhajar ta sake lissafi ba, za a cire masa kwanakin Sallah daga haƙƙinsa, alhali abokan aikinsa sun same su kyauta. Ga kuma matar da mijinta ya rasu, wadda za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dokar Ƙwadago ba ta ambaci hutun takaba ba, kamar yadda ba ta ambaci na aikin Hajji ba. A da shugaba mai tausayi yakan ce ta je gida kawai, sai Allah ya sa ta fita. Yanzu idan babu gurbin wannan a manhajar, za a rubuta ta a matsayin wadda ta ƙi zuwa aiki, albashinta ya tsaya a lokacin da ta fi bukatarsa.

Saboda haka nake kira ga masu kamfanoni da asibitoci da makarantu su zauna da wakilan ma'aikata su rubuta amsar kowace tambaya irin waɗannan kafin a kira mai saita manhaja, sannan a gwada saitin da fayilolin mutane na gaske, ciki har da mai jego da mai aikin dare, a kwatanta da lissafin hannu. A kuma bar wa jami'i ɗaya sananne ikon yin gyara, da sharaɗin kowane gyara ya fito da sunansa da dalilinsa. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su nemi a ba kowane ma'aikaci takardar da ke nuna kwanakin da ya tara a fayil kafin a rufe tsohuwar rajista.

Na gode.

Daga wani jami'in kula da ma'aikata, Kano.