A tanadi wurin karɓar matattun wayoyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Matattun wayoyi da caja da batiran da muke watsarwa a bola, yara 'yan jari-bola ne ke tsince su. Sukan banka musu wuta don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙin ba ko ƙyalle a hanci. Dalmar da ke cikin tsofaffin kayan lantarki kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na irin wannan shara.

Ina roƙon hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli a Nijeriya, ta haɗa kai da 'yan kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, a ajiye rumfar karɓar tsofaffin wayoyi, a riƙa biyan duk wanda ya kawo.

Naka,
Mai karatu daga Kano